Leza Da Baƙar Fata: Abin Da Talla Ba Ta Faɗa

A da, in aka sa ranar yarinya, jerin gyaran jikinta sananne ne: dilka, halawa, kurkum, turaren tsuguno, sai lalle in biki ya matso. Yanzu an yi ƙari. Shafukan wuraren gyaran jiki na Abuja da Legas da Kano a Instagram da TikTok cike suke da bidiyon hammata sumul da haɓa fes, ana shelar cewa an yi sallama da reza har abada. Cire gashi da hasken leza ke nan, kuma 'yan mata sun karɓe shi hannu bibbiyu. Samari ma sun fara leƙawa, musamman waɗanda ƙurajen aski suka hana wuyansu sakat.

Aikin yana yi, duk wanda ya ce zallar yaudara ce bai yi adalci ba. Sai dai bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna wata takwas ɗin da aka yi ana zirga-zirga, ba ya nuna wadda ta fito da tabo a kumatu. Yaran da ke dawowa da kuka kusan kuskure iri ɗaya suke yi, kuma duk abin da za a iya kauce masa ne.

A 1983 wasu masu binciken fata biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana dabarar da aikin ya ginu a kanta. Idan aka zaɓi irin hasken da wani launi ke zuƙa, aka harba shi cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, to abin da ke ɗauke da launin zai ɗau zafi ya lalace kafin zafin ya bazu zuwa naman da ke kewaye. A gashi, abin da ake hari shi ne melanin, sinadarin da ke sa shi baƙi. Hasken yakan bi silin gashin ya gangara cikin fata, ya rikiɗe ya zama zafi, ya dafa saiwar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara amincewa da na'urar cire gashi ta leza a 1995.

Ga inda gizo ke saƙar. Melanin ɗin da ke cikin gashi, shi ne dai a fatarmu, kuma a wadace. Na'urar ba ta da idon da za ta rarrabe gashi da fata, duhun launi kawai take bi. Ga Baturiya mai baƙin gashi a farar fata, hasken na wucewa salin-alin ya faɗa kan gashin. Ga 'yar Katsina ko Damagaram, saman fatar ne ke fara tare hasken ya sha rabonsa na zafi. Shi ya sa a shekarun farko masu baƙar fata da dama suka ƙone, har likitoci suka riƙa mayar da su gida.

Abin da ya canza lamarin shi ne tsawon zangon hasken, wanda ake aunawa da nanomita. Lezar rubi tana kan 694, aleksandarait 755, dayod wajen 810, sai Nd:YAG a kan 1064. Gwargwadon tsawon zangon, gwargwadon yadda melanin na saman fata ke rage zuƙar sa, hasken kuma ya nutsa can ƙasa inda saiwar take. Don haka likitocin fata suka fi aminta da Nd:YAG ga mai duhun fata. Dayod ma takan yi a hannun gwani da ya san saitinta, in tana da sanyaya mai kyau. Likitoci na amfani da ma'aunin Fitzpatrick, wanda ya kasa fatar ɗan Adam gida shida gwargwadon yadda take ɗaukar rana. Yawancin mutanenmu a gida na biyar da na shida suke. Ko wadda ake kira fara sol a unguwa, da wuya ta sauko ƙasa da na huɗu, don haka kada farinta ya ruɗe ta.

Akwai kuma wata na'ura mai suna IPL. Ita ba leza ba ce, walƙiyar fitila ce mai ƙarfi da ke watsa haske iri-iri a lokaci guda, ciki har da gajeren zangon da baƙar fata ke zuƙa da sauri. Ta fi arha, shi ya sa take cike da shaguna, wasu kuma leza suke kiran ta a talla. 'Yan ƙananan na'urorin da ake saye ta intanet don yi a gida galibi irinta ne, kuma kamfanonin da ke ƙera fitattun cikinsu, irin su Philips da Braun, da kansu sun rubuta a takardar cewa ba su dace da fata mai duhu sosai ba. Wadda ba ta da sunan kamfani balle takarda kuwa, sai dai a ce Allah ya kyauta.

To 'yata, matambayi ba ya ɓata. Wadda za ta miƙa fuskarta tana da haƙƙin ta tambayi sunan na'urar, ta ga rubutun da ke jikinta da idonta, ta san wane ne zai riƙe ta, wane horo ya samu, kuma wane likita ne ke tsaye a kan wurin in abu ya ɓaci. Ta nemi a nuna mata hotunan aikin da aka yi wa masu launinta, ba na Larabawa da Turawa da aka kwaso a intanet ba. Sannan ta nemi gwaji: a harba a ɗan wuri kaɗan da tufa ke rufewa, a jira kwanaki, don a baƙar fata ɓarna ba kullum take bayyana nan take ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wurin da aka ji haushin waɗannan tambayoyi, ko aka ce mata "kwanta kawai, kowa haka muke yi masa", ya riga ya ba ta amsa. Ta ɗauki jakarta.

A wurin da ya san aikinsa, zaman ba shi da wani abin tsoro. Za a goge wurin tas, babu mai, babu hoda, babu turare. Za a ba ta tabarau na musamman, mai aikin ma ta sa nata. Wata na'urar na buƙatar a shafa wani ruwa mai yauƙi da sanyi, wata bakinta ne ke da sanyi kamar ƙanƙara, wata kuma iska mai sanyi take fesawa kafin kowace harbi. Sai a ji ƙara ɗis, a ji tsinin zafi na ɗan lokaci, a matsa gaba. Ƙaurin gashin da ke ƙonewa yakan tashi. Saman leɓe minti kaɗan ne, hammata bai fi minti goma zuwa sha biyar ba, ƙafafu biyu kuwa sukan ci kusan awa guda. In an gama, bakin kowane ramin gashi yakan ɗan tasa, wurin ya yi ɗumi na wasu awanni. Wannan alama ce ta cewa hasken ya isa inda aka aike shi. Abin da bai kamata a daure wa ba shi ne raɗaɗin da ke ci gaba da ƙaruwa bayan an ɗaga na'urar, ko fatar ta koma toka-toka. A nan kunya ba ta da amfani, a ce a tsaya.

Bayan mako ɗaya zuwa uku sai a ga kamar gashin na tsirowa. Yarinya ta ɗaga waya tana masifa an cuce ta. Mataccen gashi ne fata ke turowa waje, in aka goga da tsumma a wanka zubewa yake yi. Daga nan sai wurin ya yi sumul na 'yan makonni, har ta fara yi wa ƙawaye talla. Sannan sabon gashi ya fito.

Dalilin shi ne gashin jiki ba tare yake girma ba. A kowane lokaci wani yana tsiro, wani yana shirin faɗuwa, wani yana barci a ƙarƙashin fata. Leza ta fi cin wanda ke cikin tsiro, don a lokacin ne yake manne da saiwarsa kuma cike da launi. Manomi ya san wannan: noman farko ba ya gama da ciyawa, don wadda ba ta fito ba tana nan tana jiran ruwa na gaba, dole a dawo maimai. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce bayan zaman farko raguwar da ake sa rai ita ce kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Galibi akan yi zama shida zuwa takwas, a fuska ana ba da tazarar mako huɗu zuwa shida, a jiki fiye da haka. Mai duhun fata takan buƙaci ƙari, don ana fara mata da ƙaramin ƙarfi ana ɗagawa a hankali. In aka lissafa, tafiyar wata takwas ce zuwa shekara.

Ke nan amaryar da ta zo saura mako biyu kamu ta makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zama ɗaya ba zai raba ta da gashin ba, in kuma tsautsayi ya gifta ta ƙone, baƙin tabon zai raka ta har ɗakin miji ya yi watanni bai gushe ba. Irin wannan, halawarta ta gargajiya ta fi mata rufin asiri, lezar ta jira bayan biki. Haka nan kuɗin: farashin da aka rubuta a talla na zama ɗaya ne, sai a ninka shi shida ko takwas, a ƙara da na komawa jefi-jefi bayan an gama. Wadda ta yi zama biyu kuɗi suka ƙare, kusan ta yi asara ne.

Batun "har abada" kuma, ita kanta FDA abin da ta yarda masu na'urorin su yi iƙirari shi ne rage gashi na dindindin. Abin da ya rage yakan fito siriri, mai laushi, jefi-jefi, kuma ga mafi yawan mutane wannan ya wadatar. Furfura kuwa leza ba ta ganin ta sam, tunda babu launin da zai kama hasken. Maganinta shi ne tsohuwar hanyar allurar lantarki, wadda ake bin gashi ɗaya-ɗaya ana kashe saiwarsa. Wani likitan ido a birnin Sent Luwis na Amurka, Charles Michel, shi ya fara ba da rahotonta a 1875, yana cire gashin ido da ke juyawa ciki yana sukar ƙwayar. Tana da cin lokaci, amma ba ruwanta da launin fata ko na gashi.

Wani kuskuren da ake yawan yi na shiri ne. Yarinya ta ga za ta je wurin baƙi, kunya ta sa ta yi halawa ko ta bi haɓarta da hantsaki, ta iso fes. Ta tuge abin da hasken zai bi ya kai ga saiwa, ta biya kuɗi an haska fata a banza. Mako huɗu zuwa shida kafin a fara, da duk tsawon lokacin da ake yi, babu halawa, babu tsiga, babu zare. Aski kawai, kwana ɗaya kafin zama, don gashin da ya yi tsawo a waje ƙonewa yake yi a kan fata. Tsoron da ake yi cewa reza na ƙara wa gashi kauri ba shi da tushe. Bakin gashin da aka yanke ne ke da kaushi a hannu. Wurin da ke da lalle, musamman baƙi, ko zanen tatu, ba a haska shi, don launin zai zuƙi hasken ya ƙona fatar.

Sai maganar da ba a son yi, ta man bilicin. Da yawa daga mayukan da ake haɗawa a kasuwa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. Shekara da shekaru ana shafawa, fata takan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, rauni ya daina warkewa da wuri. Abin da 'yan mata da yawa ba su sani ba shi ne, sitiroyid ɗin kansa yana tsirar da gashi a fuska. Wata gashin da take neman a ƙone mata, daga kwalbar da ke kan madubinta ya fito. In mai leza ta tambaya me ake shafawa, a faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka magungunan ƙurajen fuska, na sha da na shafawa, da tarihin tabo mai tudu irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, da ƙurajen zazzaɓi da ke fesowa a leɓe, don zafin leza kan tayar da su. Mai sitiroyid kuma kada ta yanke shi dare ɗaya da kanta, fatar kan yi bore. Likitan fata ne zai tsara mata yadda za ta sauka.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta kamata a fara da ita tun kafin a nemi shago: me ya kawo gashin? Budurwar da gemu ke fito wa a haɓa, ko gashi mai kauri a ƙirji da ƙasan cibiya, ga al'adarta na tsallake watanni, ga ƙuraje, ga ƙiba, akwai yiwuwar tana da matsalar homon da likitoci ke kira PCOS, wadda ke shafar kusan mace ɗaya cikin goma, kuma da yawa ba su san suna da ita ba. Leza za ta ƙone wanda ya fito, jiki kuma ya ci gaba da tayar da sababbi. Sai an haɗa da maganin likitan mata ake ganin daɗewar sakamako, kuma binciken yakan taimaka mata ta fuskar haihuwa da rigakafin ciwon suga. In kuwa gashin ya ɓarke ne cikin 'yan watanni, murya na kauri, wannan maganar asibiti ce ta gaggawa. Cikin magungunan da ake haɗawa da leza akwai wani man shafawa mai rage saurin tsiron gashin fuska, eflonitin, mai tarihi mai ban takaici. Kafin ya zama man shafawa, ana yin sa ne a matsayin allurar maganin ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka. An dakatar da yin sa a shekarun 1990 don masu ciwon ba su da kuɗin saye, sai ga shi a 2000 ya fito a Amurka a matsayin man gashin fuska, kafin surutun duniya ya sa aka dawo da yin allurar a 2001.

Akwai kuma abin mamaki da kan faru ga 'yan kaɗan: maimakon gashi ya ragu, sai ya ƙaru a gefen wurin da aka haska. An fi ganin haka a kumatu da wuya, inda ake da siririn gashi mai laushin nan da sai an matso ake gani. Hasken da bai kai ya kashe saiwa ba yakan zaburar da ita. Saboda haka wadda gashin kumatunta ba ya damun kowa sai madubinta, ta bar shi ya kwana lafiya.

Gira kuwa a yi nesa da ita. Ƙwayar ido cike take da melanin, kuma likitocin ido sun rubuta rahotannin mutanen da aka lalata wa baƙin ido wajen gyaran gira da leza, don rufe fatar ido ba ya tare wannan haske. Garin neman gira a rasa ido, a nan ba karin magana ba ce kawai. Hukuncin cire gira a addini ma sananne ne. Haka batun gashin mara: tsaftace shi da na hammata sunna ce da aka iyakance wa kwana arba'in, amma buɗe al'aura ga wata ba tare da lalura ba magana ce da malamai suka yi tsanani a kai, sai a tambayi malamin da aka yarda da shi tun kafin a biya kuɗi.

Tsoron zafi ma ya taɓa kashe mutane. A ƙarshen 2004 wata ɗaliba 'yar shekara 22 a jihar Karolaina ta Arewa ta shafe ƙafafunta da man kashe zafi mai ƙarfi, ta naɗe su da leda, ta kama hanyar zuwa wurin leza. A mota jijjiga ta kama ta, ta rasu a farkon 2005. Maganin ya ratsa fata ya shiga jini da yawa. A 2007 FDA ta fitar da gargaɗi tana ambaton rasuwarta da ta wata 'yar shekara 25 da ta yi irin haka. Man kashe zafi irin su lidokain a ɗan wuri kamar saman leɓe, bisa umarnin likita, ba laifi. Shafe rabin jiki da shi a naɗe da leda shi ne haɗarin. Ga mai baƙar fata ma akwai ƙarin dalili: jin zafin shi ne ke sanar da ita cewa ƙarfin ya yi yawa.

Abin da mutane suka fi tsoro kuwa, wato kansa da hana haihuwa, babu hujja a kansa. Wannan haske ba irin na hoton ƙashi ba ne, iyakarsa 'yan milimita a cikin fata, ba ya kai wa ga mahaifa. Mai juna biyu dai akan ce ta jira ta haihu, don ba a yi gwaji a kan masu ciki ba, kuma gashin da ciki ya kawo sau da yawa yakan tafi da kansa.

Kai kuma ɗana, naka lissafin daban ne. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka aske shi ƙwal sai bakin ya lanƙwaso ya soki fata, ƙurji ya fito, ya bar baƙin tabo, aski na gaba ya ƙara yanka shi. Ga wanda ya gwada barin gemu da rage shi da kilifa abin ya ƙi, Nd:YAG na daga cikin magunguna mafi inganci, har ƙurajen ƙeya takan taimaka wa in ba su riga sun zama tudu ba. Amma saiwar da aka kashe ba ta dawowa. Saurayin da ya sa aka zana masa layin gemu na yayin bana, da shi zai zauna har tsufa, ranar da ya so tara gemu irin na dattawa kuma ya tarar da gibi. Masu hankali a wuya suke tsayawa, ƙasa da inda gemun ya fara, inda ƙurajen suka fi yawa.

Bayan kowane zama, kwana ɗaya ko biyu babu ruwa mai zafi, babu turaren tsuguno, babu dilka ko gurza. Tsumma mai sanyi da man shafawa marar ƙamshi sun isa. Rana ita ce babbar abokiyar gaba, don ita ke mayar da ɗan ja ya zama baƙin tabo. A riƙa shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye, a rufe wurin, ko da hazon hunturu ya rufe gari. In aka wayi gari wurin ya yi bororo ko ɓawo, ƙuna ce. Kada a fasa, kada a ɓantare, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko man bilicin don a "goge" tabon. A ɗauki hoto, a je wurin likitan fata a ranar. Baƙin tabo yakan dushe cikin watanni in an kiyaye rana, farin tabo ya fi shi jinkiri, wani ma ba ya komawa daidai. Ba a sake haska wurin sai ya warke sarai, kuma sai an gano ko saitin ne ya yi yawa ko na'urar ce tun farko ba ta dace da fatar ba.